Kayan zaƙin shinkafa na 'yan Filifin da 'yan Tailan: yadda ake gane mai kyau

Tambaya: Muna zaune a Jidda, kuma kusa da mu akwai ƙananan shagunan abinci na 'yan Filifin da wani na 'yan Tailan. Na sayi kayan zaƙinsu na shinkafa don in ɗanɗana. Na 'yan Tailan mai mangwaro na ji gishiri a cikinsa. Wani na 'yan Filifin da aka naɗe a ganyen ayaba ba shi da zaƙi ko kaɗan, kuma yana ɗan warin sabulu. Ragowar da na sa a firij ta wayi gari a sandare. Haka suke, ko marasa kyau na samu? Da wanne ya kamata in fara, akwai abin da Musulmi zai kiyaye, kuma za su yiwu a gida da shinkafarmu?

Amsa: 'Yar'uwa, gishirin da kika ji a cikin mai mangwaro ba kuskure ba ne, da shi ake yi, kuma da babu shi da abin ya ginshe ki tun a cokali na uku. Na cikin ganyen ayaba, rashin zaƙinsa daidai ne, don an bar miki ne ki tsoma shi a sukari ko ki zuba masa narkakkiyar mazarƙwaila da kwakwa. Warin sabulun kuwa hannun mai dafawa ne ya yi nauyi wajen zuba ruwan toka. Sandarewa a firij halin shinkafar ne, kuma tururi na 'yan mintuna yana dawo da ita.

Duk wannan yana komawa ga ita shinkafar, wadda ba irin da muke ci da miya ba ce. 'Yan Tailan na kiranta khao niao, 'yan Filifin na kiranta malagkit. Sitacin da ke cikin kowace shinkafa iri biyu ne: amilos, mai sa ƙwayoyi su fito wara-wara, da amilofektin, mai sa su danƙo. A shinkafa mai dogon jiki da aka saba, amilos kan kai kashi 20 zuwa 25 cikin 100. A wannan kuwa da ƙyar yake wuce kashi 2, kusan duk sitacinta mai danƙon ne. Shi ya sa take kama jikinta, take da tauna, kuma take shan madarar kwakwa ba tare da ta narke ba. Ɗanyarta fara ce fat kamar alli, haske ba ya ratsa ta, sai ta dahu sannan ta yi garai-garai tana sheƙi. Ta yau da kullum akasin haka take, ɗanyarta ce mai ɗan haske, dafaffiyarta kuma fara. Duk danƙon nan nata, babu sinadarin gulutin na alkama a cikinta.

Abin da ya fi muhimmanci ki riƙe kafin ki yanke wa kowane shago hukunci shi ne ƙasashen biyu ba abu ɗaya suke nema daga wannan shinkafa ba. Ɗan Tailan yana turara ta ita kaɗai, sai ta dahu ya shayar da ita madarar kwakwa, kuma burinsa kowace ƙwaya ta tsaya da kanta, doguwa, mai sheƙi, ta manne da 'yar'uwarta ba tare da ta fashe ba. Ɗan Filifin a yawancin kayansa yana tuƙa ta ne a kan wuta cikin madarar kwakwa da jan sukari har ta haɗe ta zama abin yankawa da wuƙa, ko ya niƙa ta ƙullu. Don haka haɗewar da za ta zama aibi a farantin ɗan Tailan, a tiren ɗan Filifin ita ce alamar an yi aiki. Mai zuwa da ma'auni ɗaya ya auna duka biyun, dole ya zalunci ɗaya.

Mu fara da mai mangwaro, khao niao mamuang, tunda shi ne ya fi shahara kuma shi ne ya fi tona asirin mai dafawa. Ana wanke shinkafar sau da yawa har ruwan ya fito garai. Masu sana'ar a Tailan sukan goga ta da ɗan alif, irin wanda ake tace ruwa da shi, sannan su ɗauraye sosai, don ƙwayar ta yi haske kuma kada ta karye. A jiƙa ta aƙalla awa 4, wasu su bar ta ta kwana. A tsane ta, a zuba a kwandon gora mai tsinin gindi da ake kira huat, a ɗora a bakin tukunyar ruwa mai tafasa yadda ruwan ba zai taɓa ta ba, a rufe. Minti 20 zuwa 25 sun isa, kuma a tsakiyar lokacin ana juya curin gaba ɗaya, na sama ya koma ƙasa. Kafin ta sauka an riga an haɗa ruwan shayarwar: ga rabin kilo na ɗanyar shinkafa, madarar kwakwa mai kauri kamar mililita 350, farin sukari giram 150 zuwa 180, gishiri cokalin shayi ɗaya ko ɗaya da rabi. Ɗumama shi kawai ake yi har sukarin ya narke, ba a bari ya tafasa. Shinkafa na sauka da zafinta a juye ta a ciki, a gauraya sau ɗaya, a rufe ruf. A nan mai koyo yake tsorata, domin a farko za ta yi kamar kunu, ruwa ya rufe ta. Bayan minti 15 a buɗe a juya a hankali daga ƙasa, a sake rufewa wasu minti 15 zuwa 20. Ruwan zai shige cikin ƙwayoyin gaba ɗaya.

Idan aka kawo miki, kada ki fara da mangwaron. Ɗebi shinkafar kaɗai a gefen cokali ki duba. Ya kamata ki iya ƙirga ƙwayoyin da ido, kowace tana ƙyalli kamar an shafa mata mai, kuma idan kin ɗaga su taso tare a dunƙule. Matsa guda ɗaya tsakanin yatsu biyu: ta baje lumus, ba tare da wani farin gari a tsakiyarta ba. A baki, maiƙon kwakwa ne zai fara zuwa, sai zaƙi, sai gishiri ya biyo baya ya wanke harshe. Farin romon da ake zubawa a kai ya fi shinkafar gishiri, da gangan: madarar kwakwa ce ta tatsar farko da gishiri da ɗan garin shinkafa don ta yi kauri, sukarinta kaɗan ne ko babu. 'Yan rawayen ƙwayoyin da ake barbaɗawa a sama ɓararren ƙaramin wake ne da aka jiƙa aka soya, aikinsu ƙarau-ƙarau a ƙarƙashin haƙori. Idan sun yi laushi, an daɗe da rufe su a roba tare da shinkafar.

Kurakuran da ake samu a shaguna ba su da yawa, kuma kowanne da dalilinsa. Tsakiyar ƙwaya mai tauri na nufin jiƙon bai isa ba, ko an sauke ta kafin ta dahu, kuma da zarar sukari ya shiga ba ta ƙara dahuwa, domin sukari yana janye ruwan da sitacin ke buƙata. Idan wajenta ya jiƙe cikinta ya bushe, ga ruwa kwance a gindin roba, an bar ta ta huce kafin a zuba madarar, ƙwaya mai sanyi kuwa ba ta sha. Idan ta caɓe, ko dai an dafa ta cikin ruwa a tukunyar lantarki don gudun wahala, ko an yi ta juyawa, ko sabuwar girbi ce mai ruwa a jiki. Masu sana'ar sun fi son wadda ta kwana biyu a rumbu, kuma iri mafi daraja a wurinsu shi ne Khiao Ngu, mai siririyar doguwar ƙwaya, wanda na lardin Chiang Rai ya yi suna. Idan mai yana kwance a sama yana naso a baki, an tafasa madarar har ta tsinke. A Bankok akwai shagon Kor Panich da ke kan titin Tanao, yana wannan sana'a tun 1932, kuma abin da mutane ke bin layi a kansa shinkafar ce, don mangwaro kowa na iya saye a kasuwa.

Shi mangwaron, iri biyu ake so: Nam Dok Mai, dogo mai tsinin baki, marar zare, da Ok Rong, ƙarami mai ƙamshi, wanda tsofaffi suka fi yabo. Lokacinsu bazara ce, daga Maris zuwa Mayu, daidai lokacin da namu ke cika kasuwa. A wajen wannan lokaci shaguna a ƙasashen Larabawa kan yi amfani da duk wanda suka samu. Idan yana da tsami ko zare, ya ɓata tsarin, don tsamin yana faɗa da maiƙon kwakwa. A ganina gara a ci shinkafar da sangkhaya, wato haɗin ƙwai da madarar kwakwa da sukarin giginya da ake turarawa a yanka a ɗora a kai, da a ci ta da mangwaron da bai nuna ba. Sukarin giginyar nan daga ruwan furen giginyar Asiya ake dafa shi, 'yar'uwar tamu, kuma lardin Phetchaburi ne ya yi fice da shi.

A ɓangaren 'yan Filifin, sunan da ya tattara kayan shinkafar nan duka shi ne kakanin, kuma wanda zai nuna miki hannun mai shago shi ne biko. Ana dafa malagkit kofi 2 da ruwa daidai gwargwado, wasu su haɗa da madarar kwakwa, har ta dahu har ciki amma ba ta yi ruwa ba. A wani faffaɗan kasko a zuba madarar kwakwa kamar mililita 400 zuwa 500, jan sukari giram 200, gishiri rabin cokalin shayi, a dafa har ya yi kauri ya yi duhu yana bin cokali. Sai a juye shinkafar a ciki a yi ta tuƙawa a wuta matsakaiciya, minti 10 zuwa 15, har ta haɗe, ta yi nauyi a hannu, ta fara sakin jikin kaskon da kanta. A shimfiɗa a tire a kan ganyen ayaba da aka gasa sama-sama aka shafa wa man kwakwa, a danne, a bari ta huce. Jan sukarin da suke so, muscovado ko panutsa, ruwan rake ne da aka dafa ba a tace shi ya zama fari ba, wato mazarƙwaila.

Biko mai kyau idan an yanka shi yana tsayawa da kusurwarsa, ba ya zubewa, amma cokali na shiga ba da ƙarfi ba. Launinsa ruwan ƙasa ne mai sheƙi har ciki, kuma ƙwayoyin na nan ana ganinsu ko da sun manne. Akwai ɗan ɗaci-ɗaci mai daɗi na dafaffen rake a bayan zaƙin. Idan zaƙi ne zalla ba wani abu a bayansa, farin sukari aka sa aka rina. Idan yana malala, ba a tuƙa shi ya isa ba, kuma irin wannan ne ke saurin lalacewa. Idan yana ƙauri, wuta ta yi yawa a ƙarshe. A kansa za ki ga latik, kuma a nan 'yan ƙasar kansu sun rabu. A tsibirin Luzon, inda Manila take, latik 'yan jajayen dunƙule-dunƙule ne da ake samu idan an dafa madarar kwakwa mai kauri a ƙaramar wuta minti 20 zuwa 30, ruwan ya ƙone, mai ya fito, sauran ya soyu a cikin mansa. A tsibiran Visayas kuwa latik romo ne mai kauri na kwakwa da jan sukari. Na farkon ya kamata ya zama ja mai ruwan zuma, mai gardi. Tsakanin gardinsa da ɗacinsa bai fi minti ɗaya a wuta ba, shi ya sa ake sauke shi tun bai kai launin da ake so ba, zafin man ya ƙarasa shi. Baƙin latik alama ce ta mai gaggawa. Akwai kuma wanda ake shafa wa romon a sama a gasa a tanderu har ya yi kumfa ya daskare, shi ake kira bibingkang malagkit.

Wanda kika samu a ganye sunansa suman, kuma iri-iri ne. Mai warin da kika ji shi ne suman sa lihiya. Ana jiƙa shinkafar, a tsane, a gauraya ta da ruwan toka ɗan kaɗan, misalin cokalin shayi ɗaya ga kofi 2 zuwa 3, sai ta koma rawaya nan take. A naɗe a ganyen ayaba, a ɗaure bibbiyu, a dafa cikin ruwa awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Ruwan tokar yana sa ƙwayoyin su narke cikin juna su zama abu ɗaya mai santsi da tauna, launinsa tsakanin rawaya da kore saboda ganyen. Ɗan ƙamshin toka kaɗan yana cikin tsarinsa. Amma idan ya kai ga ɗaci, ko santsin sabulu a harshe, ko maƙaƙi a maƙogwaro, an zarce, kuma sukari ba ya gyara shi. Ki gwada na wani shagon kafin ki ce ba kya so, ki kuma tabbatar an ba ki romon latik ɗinsa ko kankararriyar kwakwa da sukari, don ba a cinsa gaya. Suman na madarar kwakwa, marar toka, fari ne, mai ɗan gishiri da maiƙo, shi ya fi sauƙi ga mai farawa. Suman sa ibos kuma a ganyen wani irin kaba ake naɗe shi kamar igiya. A yankunan Cebu da Dumaguete na tsibiran Visayas akwai budbud kabog, wanda ba shinkafa a cikinsa, da wani ɗan'uwan gero mai ƙananan ƙwayoyi ake yinsa. Kutsinta, 'yan ƙananan jajayen faya-fayai masu lotsawa a tsakiya, shi ma da ruwan toka ake yi, kuma hukuncinsa ɗaya da na suman.

Abin da 'yan Tailan ke naɗewa a ganye shi ne khao tom mat: shinkafa da aka soma dafawa a madarar kwakwa, a sa rabin ayaba a tsakiya da 'yan ƙwayoyin baƙin wake, a ɗaure biyu fuska da fuska, a turara. Ki raba shi ki dubi ayabar. Idan ta koma ja-ja ko ruwan hoda, ta daɗe a tururi yadda ya kamata, idan tana nan fara an yi gaggawa kuma shinkafar ma za ki same ta da tauri. Khao lam a cikin gora ake gasa shi, a fere ƙonannen bayan, kuma siririyar fatar cikin gorar tana manne wa shinkafar, da ita ake ci. Kasuwar Nong Mon a lardin Chonburi ta yi suna da shi. Baƙar shinkafa, khao niao dam, ba a cire mata dusa ba, don haka ba ta danƙo sosai ita kaɗai, sai an haɗa ta da fara, kuma taunarta mai ɗan ƙarfi ba rashin dahuwa ba ne. Khanom krok kuwa za ki gane shi da gani ɗaya, domin kaskonsa tamkar tandar waina ne, sai dai ramukan sun fi ƙanana, ƙullun kuma na garin shinkafa da madarar kwakwa ne ba tsami. Gefensa ya yi ƙanzo, tsakiyarsa ta kasance kamar ba ta gama daskarewa ba. Minti goma bayan saukewa ya gama yayinsa, kada ki saya sai kina tsaye ana zubawa.

Haka nan puto bumbong da bibingka na 'yan Filifin, waɗanda asalinsu abincin ƙofar coci ne a kwanaki tara na ibadar asuba daga 16 zuwa 24 ga Disamba, shi ya sa a watan ne suka fi yawa a shagunansu ko'ina suke. Puto bumbong dogo ne siriri, launin shunayya, ana turara shi a ƙananan bututun gora, a shafa bota, a zuba kwakwa da mazarƙwaila. Na asali daga wata baƙar shinkafa ce mai suna pirurutong, launinta mai duhu ne marar haske. Wanda ya yi shar kamar an rina kyalle, kala ce ko sinadarin ƙamshin ube, doyarsu mai launin shunayya, kuma yawancin na ƙasashen waje haka suke. Bibingka ƙullun shinkafar yau da kullum ne, a kaskon ƙasa da aka shimfiɗa wa ganyen ayaba, garwashi a ƙasa garwashi a sama, da yankan ƙwan agwagwa mai gishiri da cuku a kai. Ƙamshin ganyen da ya ɗan babbake rabin daɗinsa ne. Sauran, irin su sapin-sapin mai hawa uku masu launi, da palitaw da ake jefawa a tafasasshen ruwa har ya taso a birkiɗa shi a kwakwa da riɗi, ba su da wuyar hukunci: su yi laushi, su ja kaɗan, kada su yi warin ɗanyen gari. Wanda ya fi kusa da na 'yan Tailan shi ne puto maya na Cebu, shinkafa da madarar kwakwa da citta, ana cinta da safe da mangwaro da cakulan mai zafi.

Idan za ki sayi da yawa ki ɗanɗana a zama ɗaya, fara da marasa zaƙi: farin suman, khanom krok, khao tom mat, sai mai mangwaro, sannan biko da 'yan'uwansa masu jan sukari. Mai durian, ɗan itacen nan mai ƙarfin wari, ya zo a ƙarshe, don bayansa harshe ba ya jin komai. A sha shayi ba sukari a tsakani, ko ruwan citta, wanda su ma 'yan Filifin da shi suke rakiyar bibingka. Cokali biyu-biyu ya isa, domin abinci ne mai nauyi. Mai ciwon suga ya yi hattara ƙwarai, sitacin wannan shinkafa yana saurin zama sukari a jini fiye da na yawancin shinkafa, ga kuma wanda aka zuba.

Batun firij yana da fuska biyu. Sanyi yana sa sitacin da ya dahu ya sake ɗaurewa ya saki ruwansa, shi ne taurin da kika gani. Gyaransa a turara minti 5 zuwa 10, ko a yayyafa ruwa a rufe a ɗumama, kuma a cire mangwaro da romon gefe tukuna. Suman da ya kwana ana soya shi sama-sama a ɗan bota, bayansa ya yi ƙanzo. Amma kada gudun tauri ya sa a bar su a waje. Dafaffiyar shinkafa tana ɗauke da ƙwayar cutar Bacillus cereus, wadda irinta ba ya mutuwa a dahuwa. Idan abinci ya zauna da ɗumi tana yaɗuwa ta saki guba mai sa amai cikin awa 1 zuwa 6, kuma sake ɗumamawa ba ya kashe gubar. Madarar kwakwa ma ba ta jure zafi. Masu ruwa-ruwa, irin mai mangwaro da romonsa da sangkhaya, a ci su cikin awa biyu ko a sa a firij, a zafin Jidda ma kada a kai haka. Biko da aka tuƙa sosai ya fi su juriya saboda yawan sukari da ƙarancin ruwa, duk da haka kada ya kwana a waje. A shago, shinshina kafin ki biya: tsami, ko warin tsohon mai, ko yauƙi mai zare idan an raba, ko gumi da ya taru a cikin murfin roba, duk dalilin ajiyewa ne. Tambayi lokacin da aka yi. Da asuba ake yin yawancinsu, na safe ya fi na yamma, kuma a ranakun hutun mako, da ma'aikatansu ke fitowa saye, kaya sun fi sabunta. Haka abin yake a Batha ta Riyad da Satwa ta Dubai.

Ta fuskar halal, asalin kayan shinkafa ne da kwakwa da sukari da gishiri, kuma a Saudiyya ba a sayar da alade. Inda ake buƙatar tambaya shi ne in tafiya ta kai ki Manila ko Bankok. Alade a bakin 'yan Filifin baboy ne, a bakin 'yan Tailan mu. Puto, farin wainar shinkafa da ake turarawa, shi kansa ba komai, amma an saba cinsa da dinuguan, miyar jinin alade, kuma akwai puto pao da ake cusa wa nama a ciki. Khao tom na ganye yana da wani iri marar zaƙi mai kitsen alade da wake a tsakiya, a waje kuma kamarsu ɗaya da na ayaba. Khao mak, farar shinkafa mai ruwa-ruwa da ake sayarwa a ƙananan robobi ko a ganye, an sa mata yis ta kwana biyu zuwa uku, tana da ɗan giya a ciki. A Tailan ki nemi tambarin halal na Majalisar Ƙoli ta Musulunci ta ƙasar, ko shagunan Musulmin kudu, mutanen Pattani da Yala da Narathiwat. A Filifin ma Musulmin tsibirin Mindanao suna da nasu: dodol na ƙabilar Maranao, garin shinkafa da madarar kwakwa da jan sukari da ake tuƙawa awanni, abincin azumi da sallah ne a birninsu Marawi. Mai rashin jituwa da abincin ruwa ya kula, akwai wata rawayar shinkafa mai zaƙi ta 'yan Tailan da jan abin da ake ɗorawa a kanta jatan lande ne da kwakwa. Mai gudun alkama kuma ya tambaya game da puto da kutsinta, don shaguna da yawa yanzu da fulawa suke yinsu.

Yi a gida zai yiwu, amma ba da shinkafarmu ba. 'Yar Tailan da muka sani a buhu turararriya ce tun daga masana'anta, an yi ta ne don ta fito wara-wara, ko kwana ta yi a wuta ba za ta yi danƙo ba. Basmati ta fi ta nisa. Shinkafar tuwo tana laushi tana haɗewa, amma narkewa take yi, ba ta da taunar da ake nema, kuma idan ta huce sai ta yi gari-gari. Ki nemi ainihin mai danƙon a kantin 'yan Asiya, su waɗannan masu shagon ma za su nuna miki inda suke saye. In kina shakka ko an gauraya ta, murƙushe ƙwayoyi kaɗan ki ɗiga musu aidin na wanke ciwo: mai danƙo za ta yi ja-ja ruwan ƙasa, ta yau da kullum ta yi shuɗi mai duhu, sai ki zubar da waɗanda kika gwada. Ba sai kin sami kwandon gora ba, madambaci ko gwagwa da aka shimfiɗa wa farin kyalle mai tsabta ya wadatar, in dai ruwa bai taɓa shinkafar ba kuma kaurinta bai wuce yatsu uku ba. Madarar gwangwani ko ta kwali, irin Aroy-D da Chaokoh, tana yi, ki zaɓi mai kitse kashi 17 zuwa sama, ki guji wadda aka rubuta an rage mata mai. In kina da busasshiyar kwakwa mai ƙwari, kankare ta ki matse da ruwan ɗumi kaɗan. Tatsar farko ta shayarwa ce da romo da latik, ta biyu ta dafa shinkafar biko. Mazarƙwailar gida tana maye gurbin muscovado daidai wa daida, sai dai a narka ta a ɗan ruwa a tace da kyalle kafin ta shiga madarar, saboda yashi da ɓurɓushin rake, kuma a rage ruwan dafa shinkafar gwargwadon wanda aka narka ta da shi.